Yadda ake sa soket ɗin cajar mota ya zauna da wuta ko an zare makulli

Jama'a yawancin motocin da muke hawa a nan Kano, musamman 'yan Japan irinsu Corolla da Camry da Accord da Civic, da ka murɗa makulli ka kashe mota shikenan wurin caja ya mutu. Ina nufin soket ɗin nan zagayayye na kusa da giya wanda da ake kunna sigari da shi, yanzu kuwa caja kowa yake cusa masa. Toh in an ɗauke wuta a unguwa kana so ka bar wayarka tana caji a mota ka shiga masallaci ko ka shiga Kwari sayayya, dole sai dai ka bar makulli a jiki, wanda kuma duk mai hankali ba zai yi ba. Aikin ba wani mai wahala bane, wanda ya iya riƙe filaya zai iya, amma akwai wurare biyu da in aka yi ganganci ake ƙona mota ko a kashe batir, su zan fi tsayawa a kai.

Kamfani ba mantuwa suka yi ba. Soket ɗin an jona shi ne a layin ACC, wato matakin farko in ka murɗa makulli, inda rediyo yake kamawa tun ba a tada inji ba. Sun yi haka ne dan kar ka manta wani abu a jone ya kwana yana shan batir. Kaga kenan abin da zamu yi shi ne mu raba soket ɗin da layin ACC mu ba shi wuta daga layin da baya mutuwa, kuma daga ranar kai ne mai gadin batirinka.

Shi yasa kafin ka sayi komai fara duba batirin. Ka samu mita ta auna wutar lantarki, ka saita ta a DC 20V, mota ta kwana ba a tada ta ba ka ɗora jan tsinke a kan + baƙi a kan -. Lafiyayyen batir cikakke zai nuna wajen 12.6, in kaga 12.4 ya ɗan sauka amma ba laifi, 12.2 kusan rabi ya tafi, in kuwa 12.0 ne ko ƙasa da haka malam batirin nan ko ba soket da kyar yake kwana, ka fara maganinsa tukun. Sannan ka tada mota ka sake aunawa, ya kamata kaga tsakanin 13.8 zuwa 14.4, alamar altaneta tana caji kenan. In bata kai nan ba mai yiwuwa abin da ka zuƙa da dare ba zai koma da rana ba.

Ga lissafin a sauƙaƙe dan ka san me kake ɗora masa. Wayar hannu mai batir 5000mAh in ta cika daga sifili, abin da take ci a batirin mota wajen 2Ah ne har da asarar caja. Batir mai 62Ah ko 75Ah da muka saba sawa wannan ba komai bane a wajensa, waya biyu uku ma zai ɗauka ya tada mota da safe lafiya lau. Matsalar tana farawa ne in yaran gida da maƙota suka gano cewa motarka ta zama wurin caji, ga fawabank ga fitilar caji ga 'yar fanka, kuma motar ba wata doguwar tafiya take ba, daga gida zuwa shago ne cikin goslo. Batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu ya tada inji, ba irin na sola bane da ake zuƙewa a sake cikawa kullum, in kana yawan kai shi ƙasa da rabi ba zai yi maka ƙarko ba. Kyamarar gaban gilas kuwa da wasu suka fara sawa tana iya cin wajen 7Ah a kwana ɗaya, ka ajiye mota kwana huɗu biyar ka dawo ka murɗa kaji ƙas ƙas.

Abu na gaba, duba ko motar ma bata buƙatar yanka. Wasu motocin suna da soket na biyu a cikin akwatin hannu na tsakiyar kujeru ko a but wanda dama baya mutuwa, ka cusa caja mai 'yar fitila ka zare makulli ka jira kamar minti 15 ka gani, dan wasu sababbin motoci suna barin wutar na ɗan lokaci kafin su yanke. Sannan akwai wasu Volkswagen da Jeep da Dodge da kamfani ya yi wa fis ɗin soket ɗin rami mai ƙafa uku, in fis yana gefe ɗaya sai da makulli, in ka matsar dashi ɗaya gefen wuta ta zauna. In taka irin wannan ce littafin motar zai nuna maka, aikinka minti biyu ne ba ruwanka da sauran bayanin nan.

In ba haka ba toh ga kayan da zaka tanada. Mita ko tasta mai kwan fitila irin ta masu wayarin, filaya, sukundireba, sifana lamba 10, baƙin salatif na wuta, robar nan da ake zura wa waya a gasa ta ta matse, taya-raf, wayar wuta mai kaurin 2.5mm wajen mita uku zuwa huɗu, gidan fis na kan waya da fis ɗinsa, ko kuma abin da ake kira fis-taf, wani ɗan abu ne mai ƙafafu kamar fis amma yana da ramin fis biyu a bayansa da jelar waya. A Ƙofar Ruwa zaka samu yawancinsu, kayan lantarki irin mita da makunni kuma ka leƙa Sabon Gari wajen Faransa Rod. Wajen sayen waya ka buɗe ido, akwai wadda robar ce kawai mai kauri cikin kuwa silili ne ƙalilan, akwai kuma wadda alminiyom ne aka shafa masa ruwan tagulla. Ka fere bakin ka kankare da wuƙa, in kaga fari ya fito ajiye musu abinsu. Ni a ganina tsohuwar wayar da aka ciro daga hanis, wato dunƙulen wayoyin, motar Kwatano ta fi sabuwa mai arha sau goma.

Fis kuma kala ne ke nuna ƙarfinsa, ja 10A, shuɗi 15A, ruwan ɗorawa 20A, kore 30A. Soket ɗin yawancin motoci 10A ne ko 15A, wato 120W ko 180W, sau da yawa ma an rubuta a jikin murfinsa. Duk abin da kamfani ya sa shi zaka maimaita, kar ka ƙara. Kuma fis ɗin kala-kala ne a girma, akwai babba akwai mini akwai gajere mai ɓoyayyun ƙafafu da Toyota ke yawan sawa, dan haka ka zare ɗaya daga motarka ka tafi dashi kasuwa a gwada.

Yanzu aiki. Gwaji ake fara yi tun batir yana jone. Nemo akwatin fis na cikin mota, yawanci yana ƙasan sitiyari gefen direba sai ka kwanta ka leƙa, a bayan murfinsa akwai zanen sunayen. Na soket zaka ga an rubuta CIG ko P/OUTLET ko ACC, ya danganta da mota. Ka maƙala kilif ɗin tastarka a wani noti da ke jikin ƙarfen bodi, ka zare makulli gaba ɗaya, sai ka bi fis ɗin ɗaya bayan ɗaya kana taɓa 'yan ƙarafan nan biyu da ke leƙowa a bayansu. Wanda fitila ta kama a kansa ba makulli, wannan layi ne mai wuta kullum. Irinsu na hon, na fitilar cikin mota, na lok ɗin ƙofofi, na kujera mai lantarki. In ka samu ramin da ba fis a ciki amma ƙafa ɗaya tana da wuta, wannan ya fi kowanne. Waɗanda ba a taɓawa ko da sun nuna wuta: duk mai suna ECU ko EFI ko ECM na birenbos, ABS, SRS ko AIRBAG, da na famfon mai. Kuma duk waya ko soket mai ruwan ɗorawa da ka gani a ƙasan dashbod na eyabag ne, ko tasta kar ka soka masa.

Bayan ka san inda zaka ɗauko wuta sai ka ɓalle soket ɗin. Robar da ke kewaye da giya ko ta ƙasan rediyo yawanci kilif ne ke riƙe da ita, wasu da sukurori biyu a ɓoye, ka naɗe bakin sukundireba da tsumma ka ɗaga a hankali, dan robar motar da ta sha ranar Kano ta riga ta bushe, kana matsa mata zata ce ƙaras. A bayan soket zaka ga waya biyu, wani lokacin uku. Wadda ta shiga tsakiya ita ce mai wuta, ta jikin gwangwanin ita ce ta bodi, ta ukun in akwai ta 'yar fitilar zoben ce da ke kamawa da fakin layit, ba ruwanka da ita. Kar ka yarda da kala, ka murɗa makulli zuwa ACC ka gwada, wadda ta kawo wuta kuma ta ɗauke da ka zare makulli ita ce muke nema, ka ɗaura mata salatif dan ka gane ta.

Sai ka cire kan batir na - da sifana 10, shi ake fara cirewa kuma shi ake mayarwa a ƙarshe, ka kautar dashi gefe yadda ba zai dawo ya taɓa ba. Masu tsofaffin Honda ku tabbata kuna da lambar rediyo kafin ku cire, dan in ya rasa wuta sai ya nemi kod, in babu kuma sai zarya wajen masu rediyo. Agogo ma zai koma sai an sake saitawa.

Toh ga wuri na farko da ake kwafsawa. Wayar nan da ka yi wa alama yanke ta zaka yi, ka bar kamar tsawon yatsa a ɓangaren soket. Ɓangaren da ya fito daga cikin mota ka lanƙwasa bakinsa ka zura masa roba ka naɗe da salatif sosai ka ɗaure shi a jikin hanis, ya gama aiki. Sabuwar wayarka da guntun ɓangaren soket kaɗai zata haɗu. Da yawa basa yankewa, sai su fere tsohuwar su ɗaura sabuwar a kai su ce an gama, toh wutar batir sai ta bi tsohuwar wayar ta koma baya cikin layin ACC, a wasu motocin sai kaga an zare makulli rediyo yana ta waƙa, madubi yana motsi, da safe batir ya mutu kuma a rasa dalili a ce altaneta ce. In baka son yanka dan wata rana zaka sayar da motar, zare filogin bayan soket ɗin gaba ɗaya ka naɗe shi, ka ja sabbin wayoyi biyu da kan tamina, ɗaya ta wuta ɗaya ta bodi.

Daga nan hanya ta rabu biyu, ya danganta da abin da zaka dinga jonawa.

In cajar waya ce kawai da 'yan ƙananan abubuwa, fis-taf ya isa. Ka zare fis ɗin layin da ka zaɓa ka sa shi a ramin ƙasa na fis-taf, wanda ya fi kusa da ƙafafu, sabon fis na soket kuma a ramin sama, sai ka cusa shi inda ka zare. Yana da fuska, ba ko ta ina ake sawa ba. Tun lokacin gwaji in ka zare fis zaka ga ƙafa ɗaya ce ta ramin ke da wuta, toh ƙafar fis-taf da ta fi nisa da jelar waya ita zata shiga mai wutar. In ka juya shi zai yi aiki, amma wutar soket sai ta bi ta cikin tsohon fis ɗin, ranar da aka ɗora nauyi ya tsinke ka rasa hon ko lok a tsakiyar titi. Jelar fis-taf siririya ce, kar ka wuce 10A a kanta ko da fis ɗin kamfani 15A ne.

In kuwa kana da niyyar jona famfon taya ko 'yar inbata, ja waya kai tsaye daga batir, kuma gaskiya ni wannan na fi so dan baka shiga harkar wayarin kamfani ba sam. Nan ne wuri na biyu: fis ɗin dole ya zauna a bakin batir, kar ya wuce taƙi ɗaya daga kan +. Dalili, fis wayar da ke bayansa yake karewa. In ka kai shi can kusa da soket, duk tsawon wayar daga batir zuwa cikin mota a sake take, ranar da ta goge a jikin ƙarfe ba abin da zai tsinke, batirin mota kuma yana iya turo ɗaruruwan amfiya lokaci guda, wayar zata yi ja kamar ta hita robar ta kama wuta, kuma ba lallai kana kusa ba tunda yanzu layin baya mutuwa. Motocin da muke gani sun kama da wuta a titi, wasu irin wannan jone-jonen ne na fitila da sifika da aka yi ba fis.

Wajen shigo da wayar cikin mota ka nemi robar nan da babban hanis ya bi ta bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, ka huda gefenta ka zura wani ɗan ƙarfe mara kaifi ka ja wayar ta ciki, a hankali kar ka soki wayoyin da ke wurin. Kar ka bi da ita ta bakin ƙofa ko ta wani rami mai kaifi da ba roba. A ɗakin inji ka nisanta ta da salansa da fanka da bel, ka bi hanis ɗin kamfani kana ɗaurewa da taya-raf, in da hali ka zura ta cikin baƙar tiyo ɗin wayarin. A cikin mota kuma ka tabbata bata rataya kusa da birki da totur ko sandar sitiyari ba. Fis ɗin kar ka sa shi a gidansa sai komai ya kammala.

Haɗin waya kuma a yi shi da kyau, ko a matse da tamina ko a yi masa dalma sannan a gasa roba a kai. Murɗawa da hannu a naɗe da salatif ɗin naira kaɗan baya zama a motar da ake ajiyewa a rana, watan Afrilu zafi yana haura 40 a waje balle cikin mota a rufe, gam ɗin sai ya narke salatif ya warware. Haɗin da ya yi sako-sako kuma zafi yake yi, shi ke narkar da bayan soket. Wayar bodi in ta asali lafiyarta ƙalau ka barta, in sabuwa zaka sa ka ɗaure ta a noti na jikin ƙarfe ka kankare fenti, musamman a sababbin motoci masu sensa a kan - na batir, waɗannan a bodi ake ɗaurawa ba a kan batir ba.

Zaka ji wasu masu wayarin sun ce ai ba sai an ja waya ba, a cire rile ɗin soket, wato ɗan akwatin da ke sako masa wuta in an murɗa makulli, a haɗe ramukan ƙafafunsa masu lamba 30 da 87. A motar da rile ɗin soket kaɗai yake ba wuta wannan yana yi, kuma fis ɗin kamfani yana nan yana aikinsa, amma a wasu motocin rile ɗaya ne da rediyo da sauran kayan ACC, sai an duba zanen wayarin motar an tabbatar. Wanda kuma zai ɗauko guntuwar waya ya cusa daga wannan fis zuwa wancan, ko ya naɗe ƙafar fis da silin waya ko takardar sigari, ka karɓi makullinka ka yi gaba.

Shawarar da zan ƙara, sa makunni. Ɗan makunni mai ƙafa uku wanda zai iya ɗaukar 20A, ƙafar tsakiya ta tafi soket, ɗaya gefen tsohuwar wayar ACC da ka yanke, ɗayan kuma sabuwar wayar batir. Ka danna nan soket ya koma yadda kamfani ya yi shi, ka danna can wuta ta zauna, kuma layukan biyu basa taɓa haɗuwa. In zaka yi tafiya ka bar mota ko ka ba wani aro sai ka mayar dashi ACC. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake sawa a kan layin tana yanke wuta da kanta in batir ya sauka wajen 12V, mai kyamara ko tiraka ya kamata ya neme ta.

Ka mayar da kan batir, ka sa fis, kar ka rufe robobi tukun. Makulli a aljihu ka auna cikin soket, tsakiya da gefe, ya nuna 12 da wani abu. Duba rediyo a mace yake, dashbod ba wata fitila, hon da lok suna aiki. Jona caja da waya na kamar minti goma ka shafa haɗin da gidan fis, in kaji ɗumi sosai haɗin bai kamu ba sake shi. In kana so ka tabbatar ba abin da ke satar wuta, saita mita a 10A ka sa ta tsakanin kan - da wayarsa, ƙofofi a rufe ka jira motar ta yi barci, lafiyayyar mota bata cika wuce 0.05A ba, kuma kar ka kuskura ka yi kik mita tana jone a haka, ƙonewa zata yi.

Abin kunna sigarin nan in har yanzu yana motar cire shi ka ajiye a gida, tunda yanzu yaro zai iya danna shi ya yi ja ba makulli, ka samo murfin roba ka toshe ramin dan kar ɗan kunne ko ƙusa ya faɗa. Caja mai fitila ko ba waya a jiki tana ɗan shan wuta, in motar zata yi sati a ajiye zare ta. Famfon taya yana jan 10A zuwa 15A, shi kam ka tada inji kafin ka kunna. Waya kuma kar ka barta tana caji a kan dashbod da rana tsaka gilas a rufe, batirinta kumbura yake, ga masu fasa gilas, ka tura ta ƙasan kujera ko cikin akwatin hannu. Lokacin sanyi, Disamba da Janairu, batir mai rauni da asuba yake nuna halinsa, in taka otomatik ce ka tuna ba a tura ta, ka rage cajin dare ko ka ajiye wayar jamfa a but. Masu haibrid kuma duk waya mai ruwan lemo da kuka gani babbar wuta ce mai kisa, kuma ƙaramin batirinsu na 12V bai kai na sauran motoci girma ba, wannan a kai wa mai wayarin da ya san su ya yi.